Shekarar da Baba Ya Zo Aikin Ido

Kun tashi kuna jin ana cewa ni na karya wa kakanku zuciya. Ba a faɗa muku kai tsaye, amma na san kun tsinci maganar a gidajen biki duk lokacin da muka je Zariya hutu, kuma babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Shi ya sa na ware wa shekarar nan babi guda. Zan faɗi abin da ya faru yadda na gan shi, har da wurin da ni kaina ban gama wanke kaina ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Al Muntazah a Doha, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, saman wani shagon gyaran waya. Ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, in fita da asuba in dawo kafin la'asar. Zainab tana firamare, Fa'iza ko yaye ta ba a yi ba, Mahmud kuwa ba a haife shi ba. Baba ya shekara biyu da rashin Inna. Idonsa na dama ya riga ya tafi da hawan jinin ido, na hagun kuma ya kama hanya. Yaya Balaraba, babbar yayarmu, wadda gidan ya koma hannunta tun rasuwar Inna, ita ta matsa a kawo shi wurina. Na nema masa bizar ziyara, wani abokin aikina da ya je hutu gida ya taho mini da shi a farkon zafi. An yi aikin idon bayan sati biyu da zuwansa, bai yi nasara ba. Da aka kwance bandejin abin da ya rage masa shi ne ya iya bambanta inda taga take da inda bango yake. Likitan ido ya ce a bar shi wata uku ana duba shi, ko Allah zai sa wani abu ya dawo.

Wata ukun nan ta fara mana da nauyi. Zafin Doha kun san shi, dattijo ba ya fita sai masallacin da ke bayan gininmu, shi ma sai na riƙe masa hannu. Sauran yinin yana zaune a kujerar da ke kusa da taga, carbi a hannu, esi na hura masa sanyin da ya ce yana shiga masa ƙashi. Mahaifiyarku tana iya ƙoƙarinta, ta dama masa kunu, ta tuƙa masa tuwo da garin da ya taho da shi, amma kun san tsakanin suruki da matar ɗa, gaisuwa ce sai kowa ya yi shiru. Ni kuma da Baba tun asali ba masu hira ba ne. Ya yi aikinsa duka a reluwe, yana buga wayar tangaraho a tashar jirgin ƙasa, mutum ne da ya saba saurare fiye da magana. Idan na dawo aiki zan tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, in tambaye shi ko akwai abin da yake so, ya ce babu. Shi ke nan hirar ta ƙare.

Wuri ɗaya na taɓa sanin bakin Baba yana buɗewa, shi ne gaban talabijin. Muna yara, a kwatas ɗin reluwe, shi ne ya fara sayen talabijin a layinmu, mai baƙi da fari, mai ƙofa kamar kabad. Duk ranar Alhamis bayan magariba ana nuna wani shiri na Turawa, labari ɗaya na rabin awa, kowane sati sababbin mutane da sabon gari. Yau matar da take zargin mai hayar ɗakinta, wani satin direban da ya ɗauki fasinjan da bai kamata ya ɗauka ba. Wani mutum cikin kwat yakan fito da farko ya gabatar da labarin, ya dawo a ƙarshe ya rufe. Baba ya sa masa suna Sanƙira. Maƙwabta sukan cika tsakar gidanmu, a fito da akwatin a ɗora kan tebur, Baba ya zauna a gefe yana fassara musu da Hausa. Yana yin muryar mata, yana yin ta 'yan sanda, wani lokacin ma ya ƙara abin da Bature bai faɗa ba. Da Sanƙira ya yi sallama sai bakin Baba ya rufe, sai kuma wata Alhamis.

Wata Asabar na shiga tsohuwar Mushairib neman ƙaramin rediyo da zai riƙa kama masa tashoshin Hausa. Ku Mushairib ta yanzu kuka sani, ta gilasai da jirgin ƙarƙashin ƙasa. A wancan lokacin shagunan kayan lantarki ne a jere a matse, kuma an fara rushe su layi-layi. Na shiga shagon wani ɗan Indiya da yake tattara kayansa cikin kwalaye zai tashi. Ban samu rediyon ba. Amma a kan wani kwali na hango akwatin faifan bidiyo, da hoton mutum cikin kwat a jiki, na tsaya ina kallonsa kamar na ga ɗan unguwarmu. Sanƙira ne. Faifai goma sha biyu, kowanne da labari biyar ko shida. Mai shagon ya ga yadda na riƙe akwatin, ya ce wa ke kallon baƙi da fari yanzu, yalla, in ɗauka kawai, khalas, magana ta ƙare. Sai da na kai bakin mota sannan na tuna mutumin da na saya wa ba ya gani. Na kusa komawa in mayar, kunyar mai shagon ce kawai ta hana ni.

Na sa faifan farko bayan la'asar ba tare da na ce masa komai ba. Kiɗan buɗe shirin yana tashi carbin ya tsaya a hannunsa. Ya juyo da kunnensa wajen talabijin.

"Habu, wannan ba Sanƙira ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Yana raye?"

"A faifai ne. Na samo su gaba ɗaya."

"To ƙaro murya."

Turancin bai ba shi wahala ba, ya ma fi ni kama maganar tsofaffin Turawan nan. Matsalar ita ce irin waɗannan labaran rabinsu shiru ne. Mutum zai tsaya a bakin ƙofa minti guda bai ce uffan ba, kiɗa kawai ke tafiya, kuma a cikin shirun nan ne komai ke faruwa. A labarin farko wata mata ce take haɗa wa baƙo shayi, sai ta hango maɓallin rigar mijinta da ya ɓata a hannun rigar baƙon. Ba ta yi magana ba. Baba ya ɗaga hannu.

"Me ya sa cokalin ya daina kaɗawa?"

Na ce masa ta gane baƙon ne ya kashe mijinta, kuma ina jin guduwa za ta yi.

"Ban tambaye ka abin da kake ji ba. Gaya mini abin da kake gani. Idonta ina yake kallo? Hannunta ɗayan me yake yi?"

Haka ya koya mini aikin. Ban da hasashe, ban da gaggawa, in faɗi abin da ke kan allo kawai: ya sa hannu a aljihu, ta matsa kusa da taga, akwai inuwa ƙarƙashin ƙofa. Shi zai haɗa sauran. Cikin sati ɗaya abin ya zama ƙa'ida a gidan. In dawo aiki, mu je la'asar, mahaifiyarku ta kawo shayi da dabino, mu kalli labari ɗaya. Ɗaya tak, Baba ya hana a yi biyu, wai ba a cinye irin wannan abu da hannu biyu. Abin da ya fi burge shi shi ne rimot. Saura minti biyar labari ya ƙare sai ya ce in tsayar, kowa ya faɗi yadda yake ganin za ta kaya. Mahaifiyarku da farko daga ƙofar kicin take saurare, daga baya ta fara jefo tata, har ta kai tana zama a ƙasa kusa da kujerarsa suna musu, shi yana ce mata, "Mairo, kin cika yarda da mutane." A cikin goma Baba yakan ci bakwai. Ya ce ba wani sirri ba ne, mai ƙarya numfashinsa ne ke canzawa kafin maganarsa, kuma 'yan wasan da can sun san haka.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake son waɗannan fiye da finafinai masu tsawo. Ya ce saboda ba sa ja wa mutum rai. Rabin awa an ɗaure an kwance, kowa ya ga sakamakon abin da ya aikata, ba a ce maka sai wani sati. Kuma ba sa cutar mai kallo, duk abin da kake buƙata an nuna maka tun farko, idan ƙarshen ya zo maka ba zato to kai ne ba ka lura ba. Ni kuma abin da na gano a kwanakin shi ne rashin launi da rashin hayaniya su ke sa mutum ya zuba wa fuskar ɗan wasa ido. Ɗaki ɗaya, mutum biyu ko uku, da wani abu da ɗayansu yake ɓoyewa. Ba sai an rusa gini ko an kifar da mota ba, za ka ji ka matso bakin kujera.

A faifai na huɗu muka ci karo da labarin jakar. Wannan yana da tarihi a gidanmu. Wata mata ce a ɗakin jiran jirgin ƙasa, wani baƙo ya roƙe ta ta duba masa jakarsa ya je ya dawo, bai dawo ba. Ranar da aka nuna shi a Zariya, daidai lokacin da ta sa hannu za ta buɗe jakar aka ɗauke wuta. A wancan zamanin abin da ya wuce ka ya wuce, ba maimaici. Mutane suka ƙi tashi, sai Baba ya ƙarasa musu labarin da ka, a hasken fitila: wai jakar cike take da hotunan matar, tun tana yarinya, baƙon ya shekara da shekaru yana bin ta. Kowa ya tafi gida jikinsa a sanyaye, har matar maƙwabcinmu ta ƙi bin lungu ita kaɗai. To ga shi bayan kusan shekara arba'in labarin ya zo hannunmu. Baba ya gyara zama, ya ce kada in tsayar. Matar ta buɗe jakar. Na gaya masa bulo ne guda uku a naɗe cikin jarida, kuma da ta waiga tata jakar ba ta nan, baƙon ɓarawo ne kawai. Baba ya fara dariya har da tari, sai da mahaifiyarku ta miƙo masa ruwa.

"Shekara arba'in ina tunanin jakar nan. Ashe bulo ne. Wallahi nawa ya fi nasu."

Ranar ce na fara jin na zauna da mahaifina kamar yadda mutum yake zama da abokinsa.

Mahaifiyarku ce ta fara lura da ramar. Ta ce tuwon da take zuba masa rabi yake dawowa, kuma farin idonsa ya koma ɗorawa. Shi ba ya ganin madubi, ni kuma kullum ina tare da shi ban ankara ba. Na kai shi aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitan, wani dattijo ɗan Sudan da muke gaisawa a wurin aiki, ya ce a bar Baba a kujerar jira, ya ja ni ofishinsa. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Ya ce akwai allurai da za a iya farawa, za su iya ƙara masa watanni, wataƙila su kai shi shekara, amma warkewa babu. Ni ma'aikacin ɗakin magani ne, na san alluran, ni nake haɗa wa wasu su, na kuma san abin da suke yi wa jikin tsoho.

Daga wurin ajiye motoci na kira Yaya Balaraba. Ta yi kuka, ta yi salati, sannan muryarta ta dawo irin ta babbar ya.

"Habu, kada ka kuskura ka gaya masa. Ka ce masa ciwon shawara ne. A fara allurar."

"Yaya, Baba ba yaro ba ne."

"Ni na yi jinyar Inna, ba kai ba. Ranar da ta ji sunan ciwonta ranar ta daina cin abinci. Ba zan sake ganin wannan ba. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba na ɗora wa kowa. Na yi ne don na gaji, don kuma a cikin raina ni ma ban san ta inda zan fara gaya masa ba.

Sati uku muka yi a haka. Na ce masa shawara ce ta yi ƙarfi, sai an yi masa ƙarin ruwa da allura duk bayan kwanaki. Ya ce to. Bayan allurar farko ya kwana biyu yana amai, bakinsa ya yi gyambo, ko kunu da ƙyar yake haɗiyewa. Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya da bai yarda a fasa ba shi ne kallon bayan la'asar, ko da a kwance ne a doguwar kujera. Ni kuwa kallon ya zame mini azaba. Ina zaune ina bayyana masa fuskokin mutanen da ke ɓoye wa juna magana, ina jin muryata tana fita wani iri.

Wata Laraba, a faifai na goma, Sanƙira ya gama gabatarwa sai allo ya buɗe a kan ɗakin asibiti: tsoho a kwance, likita da 'yar tsohon suna magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Kafin su yi jimla biyu na danna na tsallake zuwa labari na gaba. Na ce masa faifan ne ya karce a wurin.

Sabon labarin ya yi nisa. Mahaifiyarku tana ɗaki tana shayar da Fa'iza. Sai Baba ya ce in tsayar.

"Faifan nan bai karce ba. Na ji yatsanka a kan rimot."

Na ajiye rimot ɗin, ya ci gaba.

"Sati uku ke nan kana gaya mini abin da ke kan allo kamar mai karanta takardar wani. Mairo ta daina musu da ni, duk abin da na faɗa sai ta ce haka ne, Baba. Balaraba da take kirana ranar Juma'a kawai yanzu kullum sai ta kira. Na yi shawara sau biyu a rayuwata, Habu, ba a taɓa yi mini allurar da ta zubar mini da gemu ba."

"Baba, likita ya ce..."

"Ba yau ba. Ba na son ka amsa mini da wannan numfashin. Je ka yi tunani. Gobe idan mun dawo la'asar zan sake tambayarka, sau ɗaya. Abin da ka gaya mini shi zan riƙe, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Kunna mu ƙarasa."

Muka ƙarasa labarin. Har yau ban san me ya faru a cikinsa ba.

Da safe kafin in fita aiki na gaya wa mahaifiyarku a kicin. Ba mai tsoma baki a maganar danginmu ba ce, amma ranar ta yi.

"Abban Zainab, ni na gaji da kallon bawan Allahn nan yana yi mini godiya a kan kunu alhali na san abin da na sani. Yaya tana Zariya, mu ne muke zaune da shi. Idan ka ce masa shawara ce zai karɓa, don ya ce zai karɓa. Amma daga ranar shi kaɗai zai zauna da abin, mu kuma mu kaɗai."

Da hutun azahar na kira Yaya Balaraba. Ban so in karya alkawarin a bayan idonta ba. Na gaya mata Baba ya gane, ya tambaya, kuma yau zan faɗa masa. Ta ce in ce masa komai ban da wannan. Ta ce idan ya ji zai ce a daina allurar, ta san shi. Na ce ni ma na san haka. Ta ce to ashe da sanina zan yanke masa kwana. Na ce kwana na Allah ne. Ta ce kada in kawo mata wa'azi, ta riga ni sanin Allah.

"Idan ka faɗa masa, Habu, babu ni babu kai."

Ta kashe wayar.

Muka dawo la'asar, na zaunar da shi a kujerarsa. Mahaifiyarku ta ajiye shayi ta ja ku zuwa ɗaki ta rufe ƙofa. Baba ya ce, "To, ina jin ka." Na durƙusa a gabansa na faɗa masa sunan ciwon, da inda yake, da inda ya kai. Na yi ƙoƙarin yin yadda ya koya mini, abin da ke akwai kawai, ban da ƙari. Ya yi salati a hankali. Ya tambaye ni allurar warkarwa take yi ko jinkirtawa. Na ce jinkirtawa. Ya tambayi kamar nawa. Na faɗa masa abin da likita ya ce, da allura da kuma babu ita. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ka nema mini jirgi."

Na roƙe shi. Wannan ma ina so ku sani, don ba a faɗar sa a Zariya. Na roƙe shi ya ƙarasa ko zagaye uku ne na allurar, na ce zan ɗauki hutu in zauna da shi. Ya ce shekarar da zai yi a kwance a hawa na uku yana amai a ƙasar mutane, ya fi son wata uku a zaurensa. Ya ce akwai ƙaninsa, Baffa Isa na Maƙarfi, da suka shekara tara ba sa magana a kan iyakar gona, ba zai yi wannan sulhun ta waya ba. Akwai kuma gefen kabarin Inna. Sannan ya tambayi faifai nawa suka rage. Na ce biyu da ɗan abin da ya saura a na goma. Ya ce to in sa ranar tafiya bayan mun gama su, amma yanzu a riƙa yin biyu a rana. Ya kuma ce in mayar da wanda na tsallake. Muka kalla. Ashe tsohon da ke kwance ƙaryar ciwo yake yi don ya kama likitan da 'yar tasa suna shirin sace masa takardun gida. Baba ya girgiza kai.

"A kan wannan ka yi wa ubanka ƙarya?"

Ni na kai shi gida da kaina. Yaya Balaraba ta tare mu a ƙofar gida, ta kama hannunsa ta shige da shi, ko kallona ba ta yi ba. Kwana goma na yi a gidan, abincina 'yarta ke kawowa. A gabana Baba ya kira ta ya ce mata shi ya tsare ni da tambaya, kuma ya yafe mata ya yafe mini. Ta ce, "To, Baba," ta tashi. Ya rayu wata huɗu da 'yan kwanaki. Ya je Maƙarfi an riƙe masa hannu, suka zaga gonar da Baffa Isa, aka kafa dutse. Tsofaffin abokansa na reluwe sun yi ta zuwa zaure. A wayarmu ta ƙarshe ya tambayi Mairo, ya ce in gaya mata har yanzu ta cika yarda da mutane, kada ta canza. Ya rasu ina wurin aiki, ban samu jana'iza ba, sai ranar uku na isa.

Yaya Balaraba ta shekara shida ba ta yi mini magana ba. Da aka haifi Mahmud, wanda sunan Baba ne ya ci, ko saƙon barka ba ta aiko ba. Ƙannenmu biyu suka bi bayanta, kuma daga nan maganar da kuke ji ta samo asali. Baffa Isa ne ya zaunar da mu daga baya, shi ya sa kuke ganin muna gaisawa da Sallah, amma abin da ke tsakaninmu da can bai dawo ba, kuma na daina sa ran zai dawo. Ba na so ku riƙe ta a rai. Ta yi jinyar iyayenmu biyu a lokacin da nake nan ina shan esi. Abin da ta faɗa kuma ba ƙarya ba ne: da na ce masa shawara ce, da ya ci gaba da allurar, wataƙila da ya ga wata damina. Waɗannan watannin na da hannu a rashinsu, na sani. Abin da na kasa yarda da shi shi ne cewa ni ko ita muke da ikon zaɓa masa yadda zai kashe su. Inda na yi laifi shi ne alkawarin. Da tun a wurin ajiye motoci na ce mata ba zan iya ba, da ta yi fushi, amma da ba ta ce na ci amanarta ba.

Na daɗe ina niyyar rubuta wannan babin ina ɗagawa. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi a wannan satin, a teburin cin abincin gidanmu na Mesaimeer, ku ma kun sani. Ranar Lahadi da muka je asibiti aka ɗebi ɗan nama a jikina da za a gwada, ina zaune ina ɗaura agogona na ga lokacin da Zainab ta bi likitan zuwa baranda, na kuma ga yadda ta dawo tana yi mini fara'ar da ta yi yawa. Ban ji haushi ba, Zainab, aikin jinya kika karanta, kuma jinin Yaya Balaraba ne a jikinki. Wataƙila ma ba komai ba ne, likitan ya ce sau da yawa ba komai ba ne. Ranar Talata za mu koma karɓar sakamako. Ina so mu shiga ofishin tare, ni da ke da mahaifiyarku, a ba ni kujerar da ke gaban teburin, likitan ya yi magana da ni.